Tsofaffin Laitoci na Tsakiyar Ƙarni na 20: Tara Su da Karanta Shaidar da ke Jikinsu



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne ƙwarai, har ma wani zai ce bai isa a tara masa jama'a a zauren jami'a ba. Shi ne laita, watau ɗan ƙyastun nan na Turawa da ake kunna taba da shi, musamman irin waɗanda aka ƙera a Turai da Amurka da Japan daga wajen 1930 zuwa wajen 1970, da kuma mutanen da suka mai da tara su abin yi. Irin waɗannan mutane suna da yawa a waɗancan ƙasashe. Suna da ƙungiyoyi, suna buga littattafan da ke bayyana iri-iri da farashinsu, suna bin kasuwannin tsofaffin kaya da wuraren gwanjo, har wani yakan shekara da shekaru yana neman laita guda tak don ya cike gurbin da ya rage a akwatinsa.

Maganar da nake so in kafa a gabanku ita ce, tsohuwar laita shaida ce ta tarihi, kuma mai tara ta na ƙwarai mai tsaron shaida ne. A gindinta akwai rubutu da lambobi da hatimai waɗanda ke faɗin inda aka yi ta, da lokacin, da dokar da ke aiki a ran nan. Wanda ya iya karatun nan ba a cutarsa a kasuwa, kuma ba ya cutar na baya da labarin ƙarya. Daga ƙarshe zan zo ga tambayar da na san tana ran wasunku, watau ko ya dace mai hankali ya adana kayan aikin ɗabi'ar da aka tabbatar tana kisa.

DAGA ƘYASTU ZUWA LAITA

Kafin ashana ta zo ƙasar Hausa, da ƙyastu kakanninmu ke tada wuta. Mutum yakan riƙe dutsen ƙanƙara, ya buga masa guntun ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi, ya busa ta kama. Abin da ke faruwa shi ne dutsen ya fi ƙarfen tauri, sai ya kankare masa ɗan ɓurɓushi, ɓurɓushin nan ne ke ƙonewa mu gan shi tartsatsi. Ku riƙe wannan, domin a cikin laita an juya al'amarin ne: ƙarfe ke kankarar dutse.

Wani abin mamaki shi ne laita ta girmi ashanar ƙyastawa. A 1823 wani masanin kimiyyar sinadarai na birnin Jena a Jamus, mai suna Johann Wolfgang Döbereiner, ya ƙago wata kwalba wadda a cikinta tutiya ke haɗuwa da ruwan asid, iskar haidurojin ta tashi, in an buɗe mata hanya ta bugi garin ƙarfen filatinam sai ta kama da wuta. Ashana kuwa sai a 1826 John Walker, wani mai sayar da magani a Ingila, ya gano ta. Amma kwalbar Döbereiner kayan tebur ce, tana da girma, ga kuma haɗari, ba mai sa asid a aljihu.

Mabuɗin laitar zamani ya samu ne a 1903, sa'ad da Carl Auer von Welsbach, mutumin Ostiriya, ya yi rajistar wani gami na ƙarafa da ake kira ferosiriyam, wajen kashi 70 cikin 100 ƙarfen siriyam, saura baƙin ƙarfe. Wannan gami yana da laushi, ɓurɓushinsa kuwa yana kamawa da ɗan zafi kaɗan. Shi ne ɗan abin nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa laita, wanda har yau ake kira ƙanƙara ko da yake ba dutse ba ne. Sifirin yana tura shi sama, ɗan gargare mai haƙora irin na magagari ya kankare shi, tartsatsi ya faɗa kan lagwani wanda ya sha mai daga audugar da ke cikin tankin. Man nan dangin fetur ne mara nauyi. Duk laitocin da zan ambata kafin zuwan gas, a kan wannan dabara ɗaya aka gina su, bambancinsu yana ga yadda kowane maƙeri ya shirya hannu da murfi da kariyar iska.

ZAMANIN DA LAITA TA CI KASUWA

Bari in kawo muku manyan gidajen ƙira, don ku san sunayen da masu tarawa ke nema. A Biyana, babban birnin Ostiriya, akwai IMCO, wanda Julius Meister ya kafa a 1907 yana ƙera maɓallai, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma ƙera laitoci masu araha, ya ci gaba har aka rufe masana'antar a 2012. A Landan akwai Dunhill, wanda a shekarun 1920 ya fito da laitar da ya kira Unique, mai wani hannu da ake ɗagawa ya buɗe lagwani. A Newark ta Amurka akwai kamfanin Louis Aronson mai tambarin Ronson, wanda a 1926 ya fito da Banjo, laitar da ake dannawa sau ɗaya ta kama, a saki ta mutu. A Suwizalan akwai Thorens, waɗanda tun asali masu ƙera akwatunan kiɗa ne. A Faransa kuma akwai S.T. Dupont, masu yin jakunkunan tafiya na alfarma, waɗanda suka yi laitarsu ta farko a 1941.

Wanda ya fi kowa suna shi ne Zippo. George Blaisdell ya kafa kamfanin a 1932 a garin Bradford na jihar Pennsylvania, bayan ya ga wata laitar Ostiriya mai jure iska amma mai wuyar riƙo. Ya sake mata siffa, ya haɗa murfi da jiki da hinji yadda hannu ɗaya ya isa, ya soma sayarwa a 1933 a kan dala 1 da santi 95, tare da alkawarin gyara kyauta muddin laitar na nan. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai tagulla ta zama kayan yaƙi, kamfanin ya koma amfani da baƙin ƙarfe yana shafa masa wani baƙin fenti mai kaushi, kuma ya daina sayar wa farar hula, duk abin da ya ƙera na sojoji ne. Waɗannan baƙaƙen laitoci suna daga cikin waɗanda aka fi nema, saboda haka suna daga cikin waɗanda aka fi yin jabunsu.

Laitar tebur kuwa labarinta na falo ne. Tana da nauyi, ba ta shiga aljihu, kuma ba a yi ta don mai ita kaɗai ba, an yi ta ne don baƙo. A gidan mai hali a Amurka ko Ingila a shekarun 1950, akan ajiye ta a tsakiyar falo tare da akwatin sigari da farantin kakkaɓe toka, mai gida ya miƙa wa baƙo kara ya kunna masa, kamar yadda mu muke miƙa goro. Akan ba da ita gudummawar biki, akan ba ma'aikacin da ya yi ritaya an zana sunansa a jiki. Ronson ya yi ire-irenta masu ruwan azurfa, kamar Queen Anne da Crown, ya kuma haɗa kai da masu tangaran na Wedgwood, su su yi gindi shi ya sa kai. Kamfanin Evans na Massachusetts ya yi masu siffar ƙwai da 'ya'yan itatuwa. Dunhill ya yi wata da ake kira Aquarium tun daga wajen 1949, wadda wani gwani mai suna Ben Shillingford yake sassaƙa kifaye da tsuntsaye ta bayan wata roba mai kamar gilashi, sa'an nan ya yi musu launi da hannu, saboda haka da wuya a sami biyu iri ɗaya sak.

A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Flaminaire na Faransa ya soma sayar da laita mai aiki da iskar gas da ake kira butan. Ita wannan iska in an matse ta takan zama ruwa, in an buɗe mata ƙofa ta koma iska. Man lagwani yakan bi iska ko an kunna ko ba a kunna ba, ga kuma wari, alhali gas yana kulle har watanni. Dunhill ya biyo baya da Rollagas a 1956, Ronson da Varaflame a 1957, a 1968 kuma kamfanin Braun na Jamus ya fitar da laitar tebur mai siffar gwangwani wadda Dieter Rams ya zana, ba ta ma bukatar ƙanƙara. To, amma gas ɗin nan da ya kyautata laita shi ne ya buɗe hanyar kashe ta. Da aka gane ana iya kulle shi a cikin tankin roba mai araha, sai Cricket ta fito a Faransa a 1961, Bic ta biyo a 1973, laita ta zama abin da ake jefarwa in ya ƙare. Daga nan sana'ar gyaran laita ta soma ja da baya, abin da da ake gada ya zama abin da ake mantawa a kan benci.

KARATUN GINDIN LAITA

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Mai tarawa na ƙwarai in aka miƙo masa laita, ba ya soma da kallon adonta, kifar da ita yake yi ya dubi gindi. Abu na farko da yake nema shi ne lambar rajistar ƙirƙira, watau lambar da gwamnati ke ba wanda ya ƙago wani abu don kada wani ya kwaikwaya. Tun da yake a jere ake ba da lambobin nan, kuma an rubuta ranar kowace a littafin hukuma, lambar tana kafa iyaka: abin da ke ɗauke da ita ba zai girmi ranar da aka ba da ita ba. Alal misali, Zippo ya sami lamba 2032695 a watan Maris na 1936, ya sami lamba 2517191 a watan Agusta na 1950. Saboda haka in wani ya kawo laita mai lamba ta biyu ya ce kakansa ya riƙe ta a fagen daga a 1944, to gindin laitar ya ƙaryata shi, ko da kuwa da zuciya ɗaya yake faɗa.

Daga tsakiyar shekarun 1950 Zippo ya ƙara wata alama don ya riƙa gane shekarar da aka yi kowace laita in ta dawo gyara. Da farko ɗige-ɗige ne a gefen sunan kamfanin, ana rage su shekara-shekara. Daga 1966 zuwa 1973 aka koma tsayayyun layuka, daga 1974 zuwa 1981 layuka masu jirkicewa dama, daga 1982 masu jirkicewa hagu. A watan Yuli na 1986 aka soma sa harafi don wata, A Janairu har L Disamba, da lambar Rumawa don shekara, daga 2001 kuma aka koma lambobi biyu na ƙarshen shekarar. Abin da kamfani ya yi don kula da ingancin kayansa, ga shi ya zama kalanda ga masu tarihi.

Abu na biyu shi ne sunan ƙasa, wanda a tsakiyar ƙarnin nan yakan ba da labarin siyasa. Bayan da aka ci Japan da yaƙi a 1945, ta zauna ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance har watan Afrilu na 1952. Tsakanin 1947 da 1952 kayan da take fitarwa waje sukan ɗauki rubutun "Made in Occupied Japan", watau an yi a Japan da ke hannun 'yan mamaya. A cikinsu akwai ɗimbin laitoci masu araha, wasu da siffar kyamara, wasu da siffar ƙaramar bindiga. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu yana riƙe da ɗaya daga cikin ƙananan kayan da ƙasar ta soma farfaɗo da cinikinta da su. Haka nan laitar da aka rubuta mata Jamus ta Yamma, ba ta riga 1949 ba, kuma ba ta wuce 1990 ba, don tsakanin waɗannan shekaru ne kaɗai aka yi ƙasa mai wannan suna.

Abu na uku, wanda na san zai ja hankalin ma'aikatan baitulmali da ke nan, shi ne hatimin haraji. Tun 1872 gwamnatin Faransa ta mallake sana'ar ashana, kuɗinta na shiga aljihun hukuma. Da laita ta soma yaɗuwa, sai hukuma ta ga kuɗin shigarta zai ragu, ta kafa doka a ƙarshen 1910 cewa kowace laita sai an biya mata haraji, a kuma manna mata ɗan ƙarfe mai tambarin Ma'aikatar Kuɗi. Ba a soke wannan ba sai a 1945. Ga darasi a nan: sabuwar dabara ta taɓa tsohuwar hanyar samun kuɗi, gwamnati ta amsa da haraji, harajin kuma ya bar sawu a jikin ƙarfe wanda ya daɗe fiye da dokar kanta.

Abu na huɗu shi ne hatimin azurfa na Ingila. In laita ta azurfa ce ta gaske, ofishin awo yakan buga mata hoton zaki mai tafiya, alamar kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla, da alamar garin da aka auna ta, kan damisa don Landan ko anga don Birmingham, da harafin shekara, da na maƙeri. In babu waɗannan, to a zaci ruwan azurfa ne aka shafa, kome ƙyallinta.

JABU DA GYARAN GANGANCI

Inda duk kuɗi ya shiga, maƙaryaci na biye. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na yaƙin Biyetnam. Sojojin Amurka da yawa sun riƙe Zippo a can, sukan kai wa masu zanen ƙarfe na bakin hanya su rubuta musu sunan rundunarsu da garin da suka zauna da shekarar, wani lokaci da wata magana ta baƙin ciki ko ta gatse. Irin waɗannan laitoci shaida ce ta abin da ke zuciyar ƙaramin soja, abin da rahoton janar ba ya faɗa. Bayan da ƙasar ta buɗe wa masu yawon buɗe ido, sai kasuwa ta cika da kwaikwayonsu. Wasu jabu ne ɗungurungum. Wasu kuma laitar ta gaske ce amma zanen sabo ne, an gurza ta da ƙasa don ta yi kamar ta sha wuya. A nan ne kalandar da na ambata ke aiki. Sojojin yaƙi na Amurka sun bar Biyetnam a 1973, saboda haka laita mai harafin wata da lambar Rumawa ba ta ga wannan yaƙi ba, ko me aka zana mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma fa ga wanda ya san inda zai duba.

Akwai kuma abin da masu tarawa ke kira aure, watau a ɗauki kwanson wannan shekara a cusa masa cikin wata, ko a ɗora kan wannan kamfani a gindin tangaran na wani. Ba laifi ba ne in an faɗa. Laifin shi ne a yi shiru a sayar a matsayin abu guda.

Ɓarnar da ta fi ta ɗan damfara yawa kuwa, ita ce ta mai kyakkyawar niyya. Mutum ya gaji laitar tebur ta baƙanta, sai ya sa mata man goge ƙarfe ya dirje ta, ruwan azurfar da bai kai kaurin gashi ba ya tafi, ƙarfen ƙasa ya leƙo. Wani ya ga baƙin fentin zamanin yaƙi ya ɓamɓare, ya kankare sauran ya yi sabo, ya shafe ainihin abin da ya sa laitar ke da daraja. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ƙa'idar masu gidajen tarihi ita ce a tsabtace da sauƙi, kada a yi abin da ba ya warwaruwa, kuma duk abin da aka sauya a rubuta, a ajiye tsohon a gefe.

Ajiya ma tana da nata ilmi. Ƙanƙarar laita in ta daɗe tana shan danshi takan kumbura ta ruɓe, ta toshe bututunta har ta kan tsaga shi, saboda haka akan cire ta kafin a adana. Akan bar tanki ba mai. Laitocin gas na farko suna da ƙananan zobba na roba waɗanda ke bushewa da tsufa, wanda ya ɗura musu gas bai gwada ba yana iya samun yoyo kusa da wuta. Wasu laitocin tebur masu araha da gamin tutiya aka zuba su, shi kuwa in bai da tsabta yakan tsattsage da kansa, ba kuma magani. Har ila yau, dukkansu an yi su ne kafin dokar kariyar yara da Amurka ta kafa wa laitoci a 1994, ga shi wasu da siffar kayan wasa, saboda haka wurinsu akwati mai makulli.

Amma abin da ya fi dukkan waɗannan muhimmanci takarda ce. A rubuta inda aka samo laita, daga hannun wa, a yaushe, da abin da aka ce game da ita, a kuma rarrabe abin da aka gani da ido da abin da aka ji a baki. Laita ɗari marasa bayani tarin ƙarfe ne. Goma masu bayani sun isa ɗalibi ya rubuta kundi.

TAMBAYAR TABA

Na yi alkawarin ba zan kauce wa wannan ba. Shekarun da laita ta fi kyau su ne shekarun da taba ta fi cin mutane. A Birtaniya a 1948 wajen kashi 65 cikin 100 na maza manya suna shan sigari. A Amurka a 1963 an sha kara 4,345 a kan kowane baligi, watau wajen 12 a rana in an raba har da waɗanda ba sa sha. A tsakiyar wannan ne, a 1950, Richard Doll da Austin Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka buga binciken da ya danganta sigari da ciwon dajin huhu. Ƙungiyar manyan likitocin Landan ta fitar da rahotonta a 1962, Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da nasa ran 11 ga Janairu, 1964. Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka ta hana a rediyo da talabijin a farkon 1971. A 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar da ke lissafin cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara.

Ku jera waɗannan shekaru kusa da waɗanda na ba ku ɗazu. Rollagas ta 1956 da Varaflame ta 1957 sun fito ne bayan binciken 1950. Laitar Braun ta 1968 ta fito ne shekara 4 bayan rahoton Terry. Watau ilmi ya riga ya iso, amma al'ada ba ta motsa ba tukuna, gwanayen zane suna ta ƙawata abin da likitoci suka riga suka yanke wa hukunci. Laita kuma ba 'yar kallo ba ce a wannan al'amari, ta yi aikin talla. Tun tsakiyar shekarun 1930 kamfanin mai na Kendall ya sayi Zippo 500 da tambarinsa a jiki, daga baya kamfanonin taba da na jiragen sama da bankuna da rundunonin soja suka bi sahu. Adon azurfa da tangaran ya taimaka wajen mai da sigari alamar wayewa da karamci.

To, saboda wannan dalili ne nake ganin ya kamata a adana su. Wanda ya karanta cewa a da mutane sun ɗauki taba abin girmamawa, ji ya yi. Wanda ya ɗaga laitar tebur mai nauyi, ya ga sunan ango da amarya a jikinta, ya gani, gani kuwa ya kori ji. Sharaɗin dai shi ne a faɗi labarin duka. Mai tarawa da ke nuna kyan ƙira ya ɓoye abin da ƙirar ta yi wa hidima, ya zama ɗan talla ga kamfanin da bai biya shi ba, musamman in matasa ne masu kallo. Wanda ya ajiye laitar 1957 ya rubuta a gefenta abin da likitoci suka sani a 1957, ya yi aikin malami.

KAMMALAWA

Malam Shugaba, ban zo in ce wa kowa ya tafi ya soma sayen tsofaffin laitoci ba, balle in ce ya kunna taba. Na ɗauki laita ne don ƙanƙantarta ta sa ana iya ganin dukkan aikin mai tarihi a tafin hannu: a dubi abin kansa kafin a saurari mai shi, a nemi lamba a kai ta ga littafin hukuma, a kafa iyakar da ba ta ƙetaruwa, a bar tabo inda yake.

Ga ɗalibai, wannan hanya ita ce za ku bi ko da takarda kuke bincike ko tsabar kuɗi ko takobi. Ga ma'aikata kuma, ku lura cewa duk abin da ya ba mu ikon kama maƙaryaci yau, wani akawu ne ya rubuta shi jiya. Wani ya shigar da lambar rajista a ranarta, wani ya buga hatimin haraji, wani ya auna azurfa ya sa harafin shekara, ba kuwa wanda a cikinsu ya san za a zo ana neman aikinsa bayan shekara 70 ko 80. Fayil ɗin da ke kan teburinku, da rajistar da kuke cikewa, da ranar da kuke sa wa wasiƙa, su ne abin da na baya za su kifar su duba. Allah ya sa su same su daidai.